Jinyar zomo a Birtaniya: ina mai ƙaramin ƙarfi zai dosa?

A ƙasar Hausa galibi ana kiwon zomo ne domin nama ko sayarwa, amma a Birtaniya dabbar sha'awa ce da ake ajiyewa a gida kamar kare da kyanwa.

Sai dai hukumar lafiya ta ƙasar, wato NHS, ta mutane ce kawai. Idan zomo ya karye ko kare ya cije shi, mai shi ne zai biya likita, kuma aikin karaya kan ci ɗaruruwan fam.

Ba shi da damar yin biris, domin dokar kula da dabbobi ta 2006 a Ingila da Wales ta wajabta wa mai dabba ya kare ta daga ciwo da wahala.

Dalilin tsadar

Ƙashin zomo ba shi da ƙwari. Idan aka ɗauke shi ba daidai ba ya yi harbi da ƙafafun baya, ƙashin bayansa na iya karyewa.

Sa shi barci domin tiyata ma na da haɗari. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2008 ya nuna cewa zomo 1 cikin 72 na mutuwa ta wannan hanya, alhali a karnuka 1 ne cikin 601. Shi ya sa ba kowane likita ne ke son aikin ba.

Akwai kuma batun kasuwa. A 2024 hukumar sa ido kan gasar kasuwanci ta ƙasar ta ce manyan kamfanoni 6 ne suka mallaki kusan kashi 60 cikin 100 na asibitocin dabbobi, daga kusan kashi 10 a 2013.

Ƙungiyoyin agaji

Mafakar talaka ita ce ƙungiyar PDSA, wadda Maria Dickin ta kafa a 1917 a unguwar Whitechapel ta gabashin Landan. Tana duba dabbobi kyauta ko da rangwame, amma sai ga mai karɓar wani tallafi na gwamnati, kuma mazaunin yankin da asibitinta ke kula da shi. Ƙungiyar Blue Cross ma na da irin wannan tsari.

Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne mai ƙaramin albashin da ba ya karɓar tallafi. Abin da ya rage masa shi ne ya nemi ƙiyasin kuɗi tun kafin a fara aiki, ya kuma tambayi ko za a yarda ya biya kaɗan-kaɗan. Ƙa'idar aikin likitocin dabbobi ta ƙasar ta hana su ƙin ba da agajin farko da maganin rage zafi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba.

Jira ya fi komai tsada. Zomo dabba ce da ake farauta, don haka yakan ɓoye ciwonsa. Idan zafi ya hana shi cin abinci, hanjinsa kan daina aiki, kuma likitoci na ɗaukar sa'o'i 12 ba ci ba kashi a matsayin lamarin gaggawa.

Ba shi maganin mutane domin gudun kashe kuɗi ma ganganci ne. Amoxicillin, wanda ake ba yara, na kashe ƙwayoyin halitta masu amfani a hanjin zomo, kuma yakan yi ajalinsa.