Karen Da Ya Kwana Susa Ba Ya Gadin Garke

 A shirinmu na lafiyar dabbobi an sha kiranmu a kan magana guda: kare ya kama susa dare da rana, gashi na zubewa, fata ta yi ɓawo, an yi masa wanka amma abin bai bari ba. Ga abin da muka tattauna a rubuce, don wanda shirin ya wuce shi yana bayan shanu ko yana kan hanyar Jibiya, Illela, Ƙonni ko Maigatari.

Kada ka ce ai kare ne kawai. Karen da ƙaiƙayi ya hana barci ramewa yake yi, ya daina zagaya garke, kura ko ɓarawo su zo bai ankara ba. Sannan wasu cututtukan fatarsa suna tsallakawa jikin yaran gida. Ƙaiƙayi kuwa alama ce, abubuwa da yawa ke kawo shi, kuma kowanne da maganinsa. Saboda haka kafin ka sayi komai a kasuwa, ka fara duba karen da rana tsaka, inda akwai haske. In ba ka son taɓa shi da hannu, sa safar roba ko ka ɗaura leda.

Na farko, ƙuma. Ita ce ta fi yawa. In ƙuma ce, za ka ga susar ta fi ƙarfi a gadon baya wajen gindin wutsiya da cinyoyi. Buɗe gashin, za ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar garin barkono. Karkaɗe su a kan farin ƙyalle mai laima. In suka narke suka yi ja, to kashin ƙuma ne, jinin karen ne da ta sha. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, ƙumar da kake gani a jikin kare kaɗan ce daga cikin abin da ke akwai. Macen ƙuma na iya yin ƙwai har 50 a rana, ƙwan kuma zubewa yake a ƙasa, a buhun da karen ke kwanciya da ramin da ya tona a inuwa. Shi ya sa za ka wanke kare yau, bayan kwana uku ka ga ya sake cika. Wani karen ma jikinsa ba ya jure yawun ƙuma, cizo ɗaya ko biyu ya isa ya sa shi susa kwana da kwanaki. Kuma idan kare ya haɗiye ƙuma wajen cizon jikinsa, tana sa masa tsutsar ciki mai kama da ƙwayar shinkafa, wadda za ka gani a kashinsa ko a ƙarƙashin wutsiya, yana jan gindi a ƙasa.

Na biyu, ƙazwar kare, wadda wasu ke kira kirci. Wannan ita ce mai tsananin ƙaiƙayi. Wata ƙaramar halitta ce da ido ba ya gani, tana haƙa rami cikin fata tana ƙwai a ciki. Takan fara daga bakin kunnuwa, gwiwar ƙafafun gaba, da ciki, daga nan ta bazu, fata ta yi kauri ta tattare, gashi ya ƙare. Ga gwajin da za ka iya yi a ruga: kama bakin kunnen ka murza a hankali, in ka ga ƙafar baya ta fara harbawa kamar tana susa, akwai alamar ita ce. Tana yaɗuwa da sauri daga kare zuwa kare, a mashaya, a zango, a kasuwar dabbobi, har daga dila. Mutum ma in yana cuɗanya da karen zai ga ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki, ko da yake a jikin mutum ba ta daɗewa in an yi wa karen magani.

Akwai wata irin ƙazwar kuma da ke kama ƴan kwikwiyo da karen da yunwa ko ciwo ya raunana. Ita gashi take cinyewa kewayen ido da baki da ƙafafun gaba, ƙaiƙayinta bai kai na farkon ba, kuma ba ta tsallakawa ga mutum. Bambance su sai likitan dabbobi, wanda zai kankari fatar kaɗan ya duba a madubin asibiti.

Na uku, kaska da ƙwarƙwata. Kaska ka san ta a jikin shanu. A kare tana ɓuya cikin kunne, tsakanin yatsu da wuya. Ban da ƙaiƙayi, tana sa zazzaɓin da ke cinye jini, ka ga dasashin karen ya yi fari, ya daina cin abinci. In za ka cire ta, kama ta daf da fata ka ja a miƙe a hankali, kada ka murɗe, kada ka fasa ta da yatsa. Jefa ta a wuta. Ƙwarƙwatar kare kuma ƙwanta manne yake a gashi, fari-fari. Ita ba ta zama a kan mutum.

Na huɗu, tsutsar ƙuda, wadda ta fi yawa da damina. Wani ƙuda ne ke ƙwai a yashi mai inuwa inda fitsari ko kashi ya taɓa. Kare ya kwanta, tsutsar ta huda fata ta shiga, wurin ya kumbura kamar maruru da ɗan rami a tsakiya. Shafa basilin ka toshe ramin, ba za ta samu iska ba, sai ta leƙo, ka matsa gefe a hankali ta fito gaba ɗaya. Wanke wurin da sabulu.

Na biyar, makero. Gashi ke zubewa a zagaye kamar an ɗora kwabo, da ɗan ɓawo. Ƙaiƙayinsa ba shi da yawa, amma shi ne ya fi saurin kama yara. In ka ga irin wannan tabo a kare kuma ka gan shi a kan ɗanka, kowannensu ya ga nasa likitan.

Akwai kuma ƙaiƙayin da babu ƙwaro a cikinsa. Hunturu na busar da fatar kare kamar yadda yake busar da tamu. Karen da ba ya samun komai sai ƙanzon tuwo da dusa, fatarsa ba ta da mai, gashinsa karyewa yake. Wani kuma wani abinci ne ko ƙurar ciyawa jikinsa ba ya so, ka gan shi yana lasar ƙafa yana goga fuska. Kunne ma in ya yi ciwo za ka ga yana kaɗa kai, da wari da baƙin datti a ciki.

To, yaya magani? In ƙuma ce ko ƙwarƙwata, wanka da sabulu yana rage su, ruwan dafaffen ganyen darbejiya ma na taimakawa wajen korar su, amma aikin gaske a makwanci yake. Ƙona tsohon buhun, share wurin ka ƙone sharar, ka sauya masa wajen kwana zuwa inda rana ke bugawa. Duk karnukan ruga a yi musu lokaci guda, in ba haka ba wanda aka bari zai sake raba wa sauran.

In ƙazwa ce, darbejiya ba ta kai wa ga abin da ke cikin fata. Maganin da likitoci suka saba bayarwa shi ne ibamektin, wanda makiyaya suka fi sani da Ivomec, ko wankan amitiras. A nan ne ake yawan kashe karnuka da hannu. Ivomec na shanu awonsa mil 1 ne ga kilo 50. Karen ruga mai kilo 15 kuwa abin da zai ɗauka bai kai rabin mil ba. Wanda ya zuƙo sirinji da ido kamar zai yi wa maraƙi, sai ya ga kare na tangaɗi, yawu na zuba, ido ya daina gani. Bari malamin dabbobi ya auna, kuma a maimaita bayan mako biyu, don allurar farko ba ta kashe ƙwan. Ɗan kwikwiyon da bai kai mako shida ba ba a yi masa. Amitiras kuma a sirka shi yadda takardarsa ta ce, a fili, nesa da rijiya da mashaya, kada a yi wa ƙaramin kwikwiyo, kuma kada ragowar ta taɓa doki, don yana iya kashe shi.

Ga abubuwan da muke roƙonka ka bari. Baƙin man mota, kalanzir, fetur, fiya-fiya da maganin feshin gona: duk suna ƙona fata, kare kuma lasar jikinsa yake, guba ta shiga ciki. Haka farasitamol da sauran maganin ciwon jiki na mutane, suna lalata masa hanta da ƙoda. Kai ɗan kasuwa mai sayar da maganin dabbobi a rumfa, duba ranar ƙarewar aiki, kada ka shanya kwalba a rana. Mai saye kuma ya tuna araha ba ta ado.

In fata ta riga ta yi gyambo tana ruwa ko tana wari, ƙwayar cuta ta shiga, sai an haɗa da maganin da likita zai rubuta. Don busasshiyar fata kuwa, ɗan man kaɗe a wurin da ya tsage, da ƙarin abinci mai kyau: nono, dafaffen ƙwai, ragowar nama ko kifi.

Abu ɗaya da ba a jira a kansa. In kare na cizon wuri guda a jikinsa kamar zai cire naman, musamman inda wani kare ya taɓa cizonsa, kuma halinsa ya sauya, yana kai wa mutane hari ko yawu na dalala, kada ka matsa kusa da sunan duba fata. Wannan na iya zama haukar kare. A killace shi, a kira ma'aikacin dabbobi. Wanda ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Allurar rigakafin hauka ana fara ta daga wata uku da haihuwa.

Kafin ka tashi ƙaura ko ka tsallaka iyaka da garke, duba kunnuwa, ciki da gindin wutsiyar kowane kare. Wanda ka samo sabo a hanya, ɗaure shi gefe na mako biyu kafin ya shiga cikin naka. In an fara maganin ƙazwa, susa kan ragu cikin makonnin farko, amma gashi sai ya ɗauki wata ɗaya zuwa biyu kafin ya dawo, don haka kada ka yanke ƙauna ka kore shi daji. Mai tambaya ya aiko mana ta layin shirin. Allah ya tsare garke, ya ba da kasuwa.