Wuƙar kukri ta Nepal: Yadda ake gane dillalin ƙwarai

Kukri, wuƙa mai lanƙwasa da ta zama alamar ƙasar Nepal, ta yi suna ne a hannun sojojin Gurkha, waɗanda Birtaniya ke ɗauka aiki tun 1815. Sunan nan ya sa kasuwa ta cika da na ado, musamman a unguwar Thamel ta Kathmandu, inda baƙi ke sayayya.

Masu ƙera ta na gado su ne 'yan Kami, waɗanda tsarin wariyar jinsi ya ajiye cikin Dalit. Dokar 2011 ta haramta wannan wariya, amma ba ta gushe ba, kuma sau da yawa sunan maƙerin ba ya kai wa ga mai saye.

Don haka tambayar farko ga dillali ita ce: wa ya ƙera ta, a ina? Bhojpur da Dharan sun shahara da wannan sana'a. Ta biyu: da wane ƙarfe? Maƙeran kan yi amfani da sifirin tsohuwar mota, su taurara bakin wuƙar da ruwa. Mai gaskiya zai faɗi tsawonta, nauyinta da yadda ƙarfen ya shige ƙota. Wanda ya ce tasa ta ga yaƙi, alhali ba takardar shaida, a bar masa kayansa.