A GAMA GINI CIKIN KWAMFUTA KAFIN A HAƘA HARSASHI

Duk wanda ya taɓa riƙe fayil na ginin makaranta ko na asibiti ya san wannan ɓarna. Magina su gama bango, a yi shafe, a yi fenti, sa'an nan mai aikin famfo ya iso da guduma ya fasa domin ya shigar da bututu. Ni kaina na ga an yi wa ɗakin kimiyya na wata makaranta haka har sau biyu, na fari domin ruwa, na biyu domin wayar lantarki, ko wanne kuwa sai da aka biya. Ba mugunta ta kawo haka ba. Ko wane ma'aikaci da tasa takardar zane ya zo, ba wanda ya duba ta ɗan'uwansa.

Kada a zaci ƙananan ayyuka kaɗai abin ke ci. A birnin Sidni na ƙasar Ostareliya an fara ginin babban gidan waƙa da wasanni a 1959, tun mai zanensa, Utzon mutumin Danmak, bai gama shirin rufin ba. Da aka gama shirin, sai aka ga ginshiƙan da aka riga aka kafa ba za su ɗauki nauyinsa ba, dole aka sake su. An ƙiyasta dala miliyan 7, aka ƙare da miliyan 102, ba a kuwa buɗe gidan ba sai 1973.

To, dabarar da magina ke bi yanzu domin kauce wa wannan ita ce wadda Turawa ke kira BIM, watau a siffanta ginin duka cikin kwamfuta tun ba a taɓa ƙasa ba. Ba zane ba ne kurum. A kan takarda bango layi biyu ne, amma a nan ko wane bango an rubuta masa kaurinsa, da tsawonsa, da irin bulon da za a yi shi da shi. In aka matsar da taga, duk sauran zane-zane da lissafin kaya sai su gyaru tare. Mai zanen gini, da injiniyan kankare da rodi, da na famfo, da na lantarki, ko wanne ya zuba nasa aikin cikin siffa guda. Sa'an nan a sa kwamfuta ta bincika. In bututu ya ratsa ginshiƙi, sai ta nuna wurin, a gyara shi a ofis ba tare da an fasa bulo ko ɗaya ba.

Wani malamin jami'a a Amurka, Charles Eastman, ya bayyana tushen dabarar a 1975. Manhajar Revit ta fito a 2000. A 2011 Gwamnatin Ingila ta yi shela cewa daga 2016 duk mai neman kwangilar gininta sai ya yi aiki ta wannan hanya, a 2018 kuma aka fitar da ƙa'ida ta duniya a kanta mai lamba ISO 19650.

Amma fa a ganina kwamfuta ba ita ce gishirin zancen ba. Abin da ya sake shi ne lokacin shawara. Dā sai ɗaya ya gama ya miƙa wa na gaba. Yanzu tilas su zauna tare tun farko, har da wanda zai zauna cikin ginin. Wannan na cin lokaci da kuɗi kafin a ga ko buhun siminti guda, shi ya sa mai gaggawar ganin bango ya tashi ba ya sonsa. Manhajar ma da tsada, koyonta kuma sai an zauna.

Akwai kuma sauran aiki ran da aka miƙa mabuɗi. Ya kamata a miƙa siffar tare da ginin, domin bayan shekara 20 shugaban makaranta ya san inda ko wane bututu ya bi. In ɗan kwangila ya karkatar da bututun a wurin aiki bai koma ya rubuta ba, to, wanda zai zo gyara sai ya sake ɗaukar guduma.