Na Canza Katin ATM Amma Har Yanzu Ana Kwashe Min Kuɗi: Ina Matsalar Take?

Yau maganarmu kan wani kuka ne da ake ji daga Paki zuwa Ikara, Makarfi da Kudan: an kwashe wa mutum kuɗi, ya biya mota zuwa Zariya ya karɓo sabon kati, kwana kaɗan kuma sai ga alat na cire kuɗi.

To ku gane, a sabon kati lambobi ne kawai suka canza: 16 na gaba, ukun baya, da ranar ƙarewar aiki. Asusun yana nan, layin wayar da ke kansa ma haka. Idan ɓarawo ya sace layinka, ko ya sa an sake buɗe masa shi da sunanka, OTP wurinsa zai je, kuma yana iya tura kuɗi ta USSD bai taɓa katin ba.

Sai wajen mai POS. Yawancinsu amintattu ne, amma in ka koma inda aka ɗauki hoton tsohon katin, ka miƙa sabon, ka faɗi PIN da baki, an koma gidan jiya.

Saboda haka, ranar karɓar kati ka canza duk PIN: na kati, na USSD, na manhajar banki. Ka duba layin da ke kan BVN ɗinka, ka sa wa SIM makulli. Duk mai kira yana neman OTP, ɓarawo ne.

Ka shigar da ƙorafi a rubuce. In sati biyu shiru, kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN.

Allah ya tsare mana guminmu. Sai shiri na gaba.