Guzurin Mai Yawon Shaƙatawa a Kogin Nilu

Tsakanin Luksor da Aswan, a ƙasar Masar, akwai tazarar sama da kilomita 200. Jiragen ruwa na masu yawon buɗe ido sukan yi kwana uku ko huɗu a wannan hanya, suna yada zango a Edfu da Kom Ombo. Da zarar jirgi ya bar gaɓa, abin da matafiyi ya mance sai haƙuri.

Farkon guzuri takardu ne: fasfo, da biza, da katin rigakafin shawara, wanda hukumomin Masar suke tambayar wanda ya fito daga ƙasar da cutar take, har da Nijar. Waɗannan takardu, tare da maganin da likita ya rubuta, wajibi ne su zauna cikin jakar hannu, domin babban akwati yakan makara ko ya ɓace tun a filin jirgin sama. Mai ciwon suga ko hawan jini da ya rabu da maganinsa a tsakiyar kogi ya sa ransa cikin haɗari.

Sai sutura. A Disamba da Janairu dare a kan ruwa sanyi gare shi, dole a riƙe rigar sanyi. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa zafin Aswan yakan wuce digiri 40, sai malfa da tabarau. Tsofaffin gine-ginen Fir'aunoni dutse ne da rairayi, suna bukatar takalmi mai ƙwari.

A ƙarshe, a tanadi ƴan canji na fam ɗin Masar domin tukuicin ma'aikatan jirgi. Ruwan sha kuma na kwalba kaɗai.