Abuja zuwa Kaduna a jirgin ƙasa cikin yini guda: abin da ya kamata a shirya a waya kafin a fita

Tsakanin tashar Idu da ke Abuja da tashar Rigasa da ke Kaduna akwai layin dogo mai tsawon kimanin kilomita 186. Tun da aka buɗe layin a watan Yulin 2016, matasa da dama ke sha'awar su fita da safe, su zaga Kaduna, su dawo gida su kwana. Abu ne mai yiwuwa. Sai dai yanzu kusan duk tafiyar a cikin waya take: tikiti, shaidar mutum, taswira, har da kuɗin abinci. Idan wayar ta mutu da rana tsaka, ko aka yi sakaci da tikitin dawowa, sai mutum ya kwana a garin da bai yi shirin kwana ba.

Tikitin dawowa ake fara saya

A watan Janairun 2021 aka fara sayar da tikitin wannan layin ta intanet, kuma babban dalili shi ne a rage 'yan cuwa-cuwa da ke saye tikiti su sayar da tsada a bakin tasha. Bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, an dakatar da zirga-zirga har zuwa 5 ga Disamba na shekarar, kuma da aka dawo sai lambar NIN ta zama sharaɗi. Dole sunan da ke kan tikiti ya yi daidai da na katin shaida. Wanda ya manta lambarsa zai iya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi.

Kuskuren da sababbin matafiya suka fi yi shi ne su sayi na tafiya, su ce in sun isa sa sayi na dawowa. Kujeru na ƙarewa da wuri, musamman Juma'a da Lahadi da lokutan Sallah. Ga kuma jadawalin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wato NRC, da ke sauyawa: wani lokaci sawu ya ƙaru, wani lokaci ya ragu saboda gyara. Saboda haka abin da za a fara dubawa shi ne ƙarfe nawa jirgin farko zai isa Rigasa, ƙarfe nawa na ƙarshe zai bar ta. Tazarar da ke tsakani ita ce ainihin yawon. A cire rabin awa ko fiye na shiga gari daga Rigasa, a cire wani rabin na komawa, a cire lokacin bincike a ƙofar tasha. Idan abin da ya rage bai kai awa uku ba, gara a sauya rana.

Shafin sayen tikitin Abuja da Kaduna daban yake da na Legas da Ibadan, don haka a bi adireshin da NRC ta wallafa a shafukanta. Duk wanda ya turo lambar asusunsa ta WhatsApp ya ce zai samo kujera, a yi masa kallon ɗan damfara.

Da zarar tikiti ya fito, a ɗauki hotonsa daga fuskar waya, lambar QR ta fito sarai, sannan a tura wa abokin tafiya kwafi. A bakin tasha jama'a kan yi yawa, data ta yi nauyi, kuma ma'aikaci ba zai tsayar da layi yana jiran imel ya buɗe ba.

Me ya sa batir ke zuba a cikin jirgi?

Layin ya ratsa daji da ƙauyuka ta Kubwa, Jere da Rijana, kuma a wurare da dama sabis kan yi rauni ko ya ɗauke gaba ɗaya. Idan waya ta yi nisa da turakun sadarwa, sai ta ƙara ƙarfin siginar da take aikawa, tana kuma ta laluben wani turken yayin da jirgi ke gudu. Ƙarfen tarago ma yana rage sabis ɗin. Wannan lalube shi ke shan caji, ko da wayar tana cikin aljihu ba a taɓa ta ba.

Maganin mai sauƙi ne: bayan an wuce Kubwa a saka wayar a yanayin jirgin sama, wato alamar nan mai hoton jirgi, a riƙa cirewa jefi-jefi don duba saƙo. GPS ba ya mutuwa a wannan yanayin, domin karɓar sigina kawai yake yi daga tauraron ɗan'adam, ba ya aikawa. Ke nan taswirar da aka sauke za ta ci gaba da nuna inda jirgi ya kai. Fim ko karatu ko waƙar da za a saurara a hanya, a sauke su tun daga gida.

Maganar fawa bank kuma, kada lambar da ke jikinsa ta ruɗi mutum. Mai 10,000mAh ba ya zuba 10,000 a waya. Batirin cikinsa yana kan bolt 3.7, sai an ɗaga shi zuwa 5 kafin ya fita, a nan wani kaso ke salwanta. Abin da ke isa waya bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba, wato cika wayar 5,000mAh sau ɗaya da ɗan ragowa. Ya isa yini guda, amma ba na mutum uku ba. Akwai soket a wasu taragai, sai dai ba abin dogaro ba ne.

An sauka Rigasa

Tashar tana gefen gari ta yamma, ba a tsakiyarsa ba. A Google Maps a sauke taswirar Kaduna tun ana kan data mai kyau, a tabbatar ta haɗa da Rigasa. A sani cewa taswirar da aka sauke hanyar mota kawai take nunawa idan babu intanet, ba ta lissafa tafiyar ƙafa. A kuma riƙe 'yan canji a aljihu, domin turansifa ga mai Keke Napep kan maƙale daidai lokacin da ake sauri.

Da awa uku ko huɗu, wuri biyu ko uku sun wadatar, kuma an yi sa'a na tarihi suna kusa da juna. Gidan Arewa, inda Sardauna Ahmadu Bello ya zauna har aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, yanzu cibiyar binciken tarihi ce ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Gidan adana kayan tarihi na titin Ali Akilu yana da sassaƙen Nok. Zauren Lugard, majalisar tsohuwar Jihar Arewa, shi ne majalisar dokokin jihar a yau, kuma a irin wannan wuri a nemi izinin jami'an tsaro kafin a ɗaga kyamara. Mai son iskar bakin kogi sai ya nufi Gamji, inda tsohuwar gadar ƙarfen da aka ɗauko daga Zungeru take. Kasuwar Barci kuwa tana cin lokaci, a bar ta sai wata zuwan.

Tun da aka sauka a saita ƙararrawa biyu, ɗaya ta barin gari, ɗaya ta isa tasha, domin cunkoson hanyar Rigasa da yamma ba ya jin uzuri. WhatsApp yana ba da damar raba wurin da mutum yake kai tsaye na minti 15, awa 1 ko awa 8. Na awa 8 yana shan caji sosai, don haka ya fi dacewa a kunna na awa 1 ga wani na gida lokacin shiga keke zuwa gari da lokacin komawa tasha.

A dawowa, mazauna Kubwa, Dutse da Bwari sun fi sauƙin sauka a tashar Kubwa, kuma tun wajen sayen tikiti ake zaɓar hakan. Wanda ya wuce Idu kuma zai iya haɗawa da ƙaramin jirgin cikin Abuja da aka sake buɗewa a watan Mayun 2024, idan lokacinsa ya dace da isowar na Kaduna.