Kaba ta yi yawa, amma goruba nawa ce?

Ƴan'uwa manoma na Tasawa da Mayahi, wanda duk ya bi Gulbin Kaba da rani zai ga kaba kore shar cikin gonaki, ko'ina tuli-tuli. Sai ya ce ai daji ya dawo. To, ku ɗaga kai ku duba sama. Goruba nawa ce ta kai tsawon mutum? Nawa ce ke ƴaƴa? A gonaki da yawa tsofaffi kaɗai ke tsaye, waɗanda kakanninmu suka bari, babu ƙanana masu biye musu.

Ga yadda abin yake. Kaba ita ce goruba tana ƙarama. Zuciyarta tana cikin ƙasa, shi ya sa wuta ba ta kashe ta. Idan an tara sassabe a kanta an ƙone da bazara, ganye ya toye, bayan ƴan kwanaki sai ta sake fitowa. Amma ƙarfin da ta tara don ta yi wuya ta tashi, shi ne ta kashe wajen sabon ganye. Baɗi a sake ƙonewa, a sake sarewa. Haka kaba kan shekara da shekaru ba ta wuce gwiwa ba. Wadda kuwa ta samu ta fara tashi, zuciyarta ta fito sarari ke nan. Gawo in an datse shi yakan yi toho ta gefe. Kan goruba zuciya ɗaya gare shi. In wuta ko wuƙa ta same ta, wannan kan ya mutu.

Kuma goruba akwai namiji, akwai mace. Mace ce kaɗai ke ƴaƴa, sai kuma da namiji a kusa. Ba a gane su sai sun girma sun yi fure. Don haka wanda ya bar ƙwaya ɗaya tak a gonarsa, caca ya yi.

Mutanen jihar Maraɗi sun san amfanin barin icce. Tun 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara aikin sassaben zamani tare da manoma, bayan yunwar 1984 abin ya bazu. Da masana suka gwada hotunan sama na 1975 da na 2005, sun kiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka wadda ta tabbatar wa manomi hakkin iccen da ya raina a gonarsa. Sai dai hoton sama kore yake gani. Ba ya raba kabar da ake ƙonewa kowace shekara da gorubar da za ta tashi. Wannan sai mutum ya taka da ƙafarsa ya ƙidaya.

Ba mu kaɗai ke da wannan aiki ba. A 1988 wuta ta ci babban dajin Yaloston a Amurka, inda itatuwan sanyi masu jinkirin girma suke. Bayan shekara fiye da 30, ma'aikata ba su daina komawa filayen da suka auna ba, suna ƙidaya abin da ya tsiro da abin da ya mutu. Su ma kaye da awo ne jarinsu.

Ku da kuka gama yaƙi da jahilci, aikin nan naku ne. Ku sami kaye guda da bik. Ku zaɓi wuri a gona, taki 100 tsawo, taki 100 faɗi, ku kafa dutse ko turke a kowace kusurwa don kada baɗi ku auna wani wurin daban. A shafin farko ku rubuta sunan gona da ranar. Sai ku ja layi huɗu: tulin kaba, wadda ta yi wuya amma ba ta kai tsawon mutum ba, wadda ta wuce mutum, da mai ƴaƴa. Layi na biyu shi ne mafi muhimmanci. Idan lambarsa ba ta ƙaru ba cikin shekara uku, to ana ɓarna a gonar, ko da kaba ta cika ta.

Ku ƙidaya sau biyu a shekara: da kaka bayan an ɗebe hatsi, da kuma bazara bayan sassabe. Tsakanin ƙidayar nan biyu ne za ku kama ɓarawo. In ta ragu, ku rubuta dalili a gefe: wuta, wuƙa, ko dabba. Kada a rubuta abin da ba a gani ba don a faranta wa malamin gona rai. Ni dai na fi son kaye mai lamba kaɗan ta gaskiya.

A kowane tuli ku zaɓi kai biyu ko uku masu ƙarfi, ku ɗaura musu jan ƙyalle. Ku share ciyawa da kara kewaye da su taki biyu. Sassabe a kai shi nesa kafin a sa wuta, a jira iska ta kwanta.

Saura maganar mata. Su ne ke yankan kaba don tabarma da igiya da faifai, da kuɗin ake sayen gishiri da sabulu, har da kayan ɗakin ƴaƴa. Wanda ya ce zai hana su baki ɗaya, rigima kawai ya jawo, za a zo a yanka da dare. A zauna da su a dandali gaban mai gari, a shirya: sauran tulin nasu ne, mai jan ƙyalle ba a taɓa shi. In akwai mace mai karatu cikin masu yankan, a ba ta kaye ta riƙe, don ta fi kowa sanin inda kowane tuli yake. Makiyaya ma a gaya musu ma'anar ƙyallen in sun sauko da kaka.

Bayan ƙidayar bazara, ku kai kayenku wurin malamin gona ko ma'aikacin gandun daji na yankinku, a haɗa lambar garinku da ta maƙwabta. Wanda jan layin ya ba shi wuya, ya zo da kayen ranar kasuwa a ja masa.